Takalman Shugaba

Ueda, 9 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Chizuru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya Osaka, yaya sabuwar kujera? Mun ji an ba ki mutum ashirin ki shugabanta. Ni da ban gama sakandare ba na haifi shugaba! Maƙwabta sun fara yi wa Mamarki kallon tuhuma.

Jikin nata da sauƙi, sai dai har yanzu jan ƙafar hagu take yi. Likita ya ce lallai a riƙa yin tattaki da ita kullum da yamma, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. To wa zai riƙe ta? Kin san masana'antarmu, ba mai tashi kafin shugaba. Shekara talatin da takwas ina dama waken miso, daddawar nan tamu, ban san kamannin gidana da hasken yamma ba sai ran Lahadi.

Tsohon shugaba ya yi ritaya, wannan da tarinsa kaɗai ke murɗa wa abokin aikina Gonda ciki. An kawo wata mai suna Kuwabara. Ranar farko ta ce ƙarfe biyar kowa ya tafi gida. Muka rusuna, muka yi godiya, ba wanda ya motsa. Tsohon ma ya taɓa faɗin haka, kuma mutum biyun da suka yarda har yau wankin gangunan miso suke yi. Saboda haka muna nan yadda muka saba: mai zuwa bayan gida ya leƙa kantar takalma ta bakin ƙofa. In baƙaƙen takalmanta na nan, sai mu ci gaba da goge abin da muka riga muka goge. Har maigadi ya kore mu suna nan. Gonda ya ce wannan ta fi tsohon, a ofis take kwana.

Na rubuta takardar ajiye aiki. Saura shekara biyu in yi ritaya da mutuncina, amma ƙafa ba za ta jira ba. Kada ki gaya wa Mamarki. In ta gani, kafin ta yi kuka sai ta gyara mini rubutu.

Ki ci abinci sosai.

Babanki,
Tsuneo

Ueda, 21 ga Mayu

'Yata Chizuru,

Ina gaishe ki, Mamarki na gaishe ki. Ya tarin da kika ce yana damunki? Zauna ki ji wautar ubanki.

Ran Litinin biyar da rabi na ɗauki takardata na hau sama zuwa ofishin shugaba. Na ƙwanƙwasa, shiru. Sai Toyo mai shara ta ce, “Tsoho, wa kake nema? Ai biyar na bugawa take fita ta ƙofar baya da takalman gudu, ta je ɗauko ɗiyarta. Baƙaƙen na tarbar baƙi ne.” Na ce, “Me ya hana ki faɗa?” Ta ce, “Wa ya taɓa tambayar mai shara?”

Sati uku, Chizuru! Ƙarti sittin muna gadin takalma.

Washegari na miƙa wa shugaba takardar, na kuma gaya mata komai. Ta fara dariya, sai ta kai layin da na ambaci Mamarki, dariyar ta tsaya. Ta miƙe ta rusuna mini. Ni! Na rasa yadda zan yi, na rusuna fiye da ita, har ƙuguna ya yi ƙara. Ta ninke takardar ta mayar mini aljihu.

Yanzu biyar na yi sai ta ratso tsakiyarmu da takalman a hannu tana ɗaga su: “Ga su nan, sun tashi! Gonda, kai nake jira!” Cikin Gonda ya warke. Har ya buɗe baki ya faɗi dabarar rufe ganga da ya haɗiye shekara sha ɗaya.

Jiya mun kai gada ni da Mamarki, tana riƙe da hannuna. A hanyar dawowa ta ce, “Ɗaga ƙafa mana, tsoho, kai ke ɓata mini lokaci.”

Na tuna kin ce mutanenki masu ƙwazo ne, ba sa tashi da wuri. Ni dai ban yi karatu ba, amma yau kafin ki fita, ki duba me kike bari a kan kujera, kada a ce su ma gadinsa suke yi.

Ki kula da kanki.

Babanki mai gadin takalma,
Tsuneo