An kore ni kan zare waya, an ɗauki wani yana zarewa

Anti Hamamatu, don Allah ki taimake ni, raina ya ɓaci, kuma a gida duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya.

Yayana Amidu yana da shago a Asokore Mampong, yana haɗa na'urar sayar da ruwan borhol, wadda ake sa kati famfo ya buɗe. Shi ya yi boko, ni makarantar allo kawai na yi, amma ni ke liƙa wayoyi, ni ke sayo masa koko. Kowa a Zongo ya san ni da tsokana, har liman na taɓa ɓoye wa takalmi. To duk sanda Yaya ya fita alwala sai in zare wayar kati daga na'urar da yake gwadawa, in mayar. Ina so ne kawai in ga fuskarsa.

Ashe can cikin na'urar, a abin da suke kira kanel, mai raba wa kowane aiki wurin ajiya a memori, akwai matsala. In za ta karanta kati sai ta ari wuri, in ta gama ta mayar. Amma in waya ta fita, sai ta ce kuskure, ta tsere ba ta mayar ba. Kamar mai ɗaukar buta a masallaci, in ya tarar ba ruwa ya jefar da ita bayan katanga. A hankali wuri ya ƙare, na'ura ta sandare. Yaya ya rame, ya zargi dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya zargi masu sayar da kaya a kasuwar Adum. Ni kuwa ina gefe ina cin gyaɗa.

Ranar da ya kama ni da waya a hannu bai ko zage ni ba, ƙofa ya nuna min. Daga nan ya gano ciwon, ya bi duk inda na'urar ke tserewa in an samu kuskure, ya sa sai ta mayar da abin da ta ara. Ya aika gyaran ga masu kula da kanel ɗin, suka karɓa da sunansa. A bayaninsa wai waya ce ta yi sako-sako. Anti, ni ne sako-sakon.

Abin da ya fi ci min rai, ya ɗauki wani Mumuni ɗan politeknik, aikinsa kawai ya zauna yana zare waya yana mayarwa. Wai gwaji. Har kujera aka saya masa. Mma, mahaifiyarmu, ta ce in yi haƙuri. Ni kuwa na san na'urorinsa da aka kafa a unguwar Buokrom tun bara suna da ciwon nan, ina ji kamar in je in gaya wa kwamitin borhol, kowa ya rasa.

Mai Tsokana, Kumasi Zongo

Ɗana Mai Tsokana, na yi dariya, sannan na daina. Gaskiya ne hannunka ya tono ciwon, kuma Amidu bai kyauta ba da ya ba baƙo kujerar da ƙaninsa ya fi kowa iya zama a kai. Wannan zan faɗa ko a gabansa.

Sai dai ba zare waya ya kore ka ba. Ka ga ɗan uwanka yana ramewa, ka san dalili, ka ci gaba da cin gyaɗa. Mumuni in ya zare, faɗa yake yi. Kuma da Amidu ya rubuta gaskiya, duniya za ta karanta cewa ƙaninsa ne ya yi masa haka. Asirinka ya rufa.

Kada ka je kwamiti. Matan Buokrom da ke layi da bokiti ba su yi maka komai ba, amma maganarsu ita ce ƙofarka. Ka je shagon bayan Juma'a, ba tare da Mma ba. Ka ba shi haƙuri kan shirun da ka yi, kada ka haɗa da wasa. Sannan ka tambaye shi ko an kai gyaran Buokrom. In ba a kai ba, ka ce kai za ka ɗauki jakar kayan aiki. Zai iya ƙi a karon farko, ka koma.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a hannun nan naka. Kuma ka bar takalmin liman.