Simintin da Na Shafa wa Zaurenka

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Damina ta yi kyau a Kademi, gero ya yi. Zaurenka ya faɗi.

Ina Jamus lokacin. Wurin aiki ne suka tura mu, mu masu zanen gini, kwas na wata biyu kan gyaran tsofaffin gine-gine. Garin ƙarami ne, ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tsofaffi suna zuwa wanka saboda ciwon ƙashi. Kusan rabin garin mutum ɗaya ne ya zana shi: gidan wankan, coci, otal, da wata doguwar rumfa mai ginshiƙai inda ake shan ruwan. Ɗan kafinta ne, a nan aka haife shi, a nan aka binne shi. Jikokinsa ma sun mutu, amma sunansa yana jikin kowane gini.

Ina karanta sunan sai na tuna da naka. Masallacin nan da ka gina a Balan, da soraye uku a Toranke, duk an rushe an sa bulo. Zauren gidanmu kaɗai ya rage, mai lanƙwasasshen rufin nan na ɗaurin guga, wanda ka gina shekarar da aka haife ni.

Kowace kaka sai ka kwaɓa ƙasa da ciyawa ka yi masa yaɓe da tafin hannunka. Kakan ce, "Ginin ƙasa tsoho ne, ranar da aka daina taɓa shi ranar zai fara tafiya." Ni kuwa da bokona, gani nake wahala kawai kake ɗora wa kanka. Shekarar da ka rasu na kawo siminti, na sa aka shafe shi ciki da waje. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Har hoto na ɗauka.

A garin can na tarar da wata dattijuwa a kan tsani tana gyaran bangon gidan wankan. Na tambaye ta me ya hana su shafa siminti su huta. Ta dube ni kamar na ce a zuba gishiri a kunu. Ta ce tsohon bango yana shan ruwa yana fitarwa, in aka rufe shi da siminti danshi ya rasa hanya, sai ya ruɓe daga ciki alhali waje sumul. Na san wannan, Baba, tun a jami'a aka koya mana. Ban taɓa haɗa shi da zaurenka ba, don ban ɗauke shi cikin gine-ginen da ake karantawa ba.

Bayan kwana tara Yaya Habu ya kira. Ya ce ba wanda ya ji ciwo, ko akuya ba ta ciki. Na ce alhamdu lillahi. Na koma aji.

Har yau ban yi kuka ba. Ina ci, ina barci, ina amsa jaje. Na nemi baƙin cikin na rasa inda ya shiga.

Da na dawo gida na tarar bangon gabas kaɗai ya tsaya. Yaya ya ce a ture shi kafin ya faɗa wa wani, in zana musu na bulo tunda aikina ne. Na roƙe shi ya bar ni zuwa Juma'a in ga ko zai gyaru.

Shekaranjiya na ɗauki guduma na ƙwanƙwasa simintin. Ya ɓallo ɓawo guda kamar ƙanzo. A ƙarƙashinsa ga yaɓenka na ƙarshe, sawun yatsunka a jere, har da guntun nan da azara ta datse maka. Na ɗora hannuna a kai, Babana. Ƙasar ta marmashe ta zubo ta tsakanin yatsuna.

Na ce wa Yaya ya kira masu turewa, ba sai Juma'a ba.

Ɓawon simintin na taho da shi, don sawun ya fito a bayansa. Yana kan teburina yanzu, kusa da takardar da zan zana na bulon. Kwana biyu ke nan ban ja ko layi ɗaya ba.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya gina maka gida a Aljanna wanda ba ya buƙatar yaɓe. Amin.

Ɗanka,
Nasiru