Surukina zai kai taswirar gwaji taron masana a Legas

Daga mai kula da zaure: wani ɗan'uwa ya turo mini wannan ta imel, ya roƙi a ɓoye sunansa. Ga shi yadda ya rubuto.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, domin raina a ɓace yake, kuma duk wanda zan kai wa kuka a nan Kaduna, shi ma da hannunsa a cikin abin.

Ina aiki a wata ƙaramar cibiyar bincike kan ruwa da yanayi, kuma daraktan sashenmu surukina ne, mahaifin matata. Na riga na fara aiki a wurin kafin in auri 'yarsa, kada wani ya ce alfarma aka yi mini. Aikina shi ne zana taswirar yadda ruwan teku ke tafiya a gaɓar Afirka ta Yamma. Abokaina a Kinkinau suna yi mini tsiya, wai mutumin da ko kogin Kaduna bai iya tsallakewa da iyo ba shi ne malamin teku, amma damunar da suke noma da ita daga can take tasowa. Wasu masana a waje ne ke sa babbar kwamfuta ta lissafa motsin tekun, abin da muke kira model, su aiko mana da lambobin a disket, ɗan faifan kwamfuta. Ni kuma sai in rubuta ɗan jerin umarni, sikirif muke ce masa, in buga sunansa a baƙin allon kwamfuta, shi zai karanta lambobin, ya tara ruwan da ke wucewa tun daga saman tekun har ƙarƙashinsa, injin zane ya fitar da gaɓar teku da kibiyoyi a takarda.

Tunda na yi aure ba na haɗa ido da surukin nawa, Baba muke ce masa, haka aka tarbiyyantar da ni. In ya shigo ɗakin kwamfuta sai in durƙusa in gaishe shi, in sulale waje har ya gama abin da ya kawo shi. Ran da abin ya faru ina gwada sikirif ɗin ne, ina so in tabbatar kan kibiya yana bin lamba, sai da gangan na sa alamar ɗebewa a layi ɗaya don in ga ko kibiyoyin za su juya. Suka juya kuwa. Ruwan da kowa ya san gabas yake yi a bakin gaɓa, daga wajen Abijan zuwa Legas, ya koma yana yin yamma. Injin yana gama zanawa Baba ya shigo, na fita kamar kullum. Da na dawo babu Baba, babu takarda.

Ban damu sosai ba, na ce zai gani ya gane. Ashe gida ya tafi da ita Unguwar Kanawa, ya zauna a kanta, ya yanke cewa model ya gano abin da ba a taɓa gani ba. Ya rubuta dogon bayani, har ya haɗa shi da ƙarancin ruwan saman da aka yi fama da shi a Arewa, ya aika wa masu shirya taron masana a Legas, suka ba shi lokacin magana. Ni sai a bakin sakatariya na ji, tana taya ni murna.

Na koma gida na zaunar da matata, na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta gaya wa Baba taswirar ta gwaji ce, ba ta da amfani ko na naɗe ƙosai. Ta ce ita ba za ta iya kallon mahaifinta ta ce ya yi kuskure ba, sai dai ta gaya wa Hajiya, mahaifiyarta. Ta gaya wa Hajiya wai akwai ɗan gyara. Hajiya ta jira har Baba ya ci abinci ya sha shayi, ta ce masa yaron nan yana so ya ƙara wa zanen kyau. Baba ya aiko a ce mini Allah ya yi albarka, zanen ya yi kyau haka, kada in wahalar da kaina. Wallahi da saƙon ya iso mini sai da na ji kaina ya yi zafi, maganar da na aika da nauyinta ta dawo mini a matsayin yabo.

Sai na je wurin Mista Bulus, abokin aikinmu ɗan Kudancin Kaduna, sa'an Baba ne kuma suna wasa da juna. Ya saurare ni, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan kunyar taku wata rana sai ta kashe mutum, amma ya yarda zai je. Ya je ɗin, sai dai shi masanin ƙasa ne, bai riƙe zancen alamar ɗebewa ba, abin da ya faɗa kawai shi ne wai ni ina shakkar sakamakon. Baba ya ce masa yaran yanzu tsoron sabon abu suke yi, in ba a littafin Bature suka gani ba ba sa yarda. Na buga taswirar gaskiya na ajiye masa a tebur, ya mayar wa sakatariya, wai wannan ai tsohuwar ce.

Abin da ke ƙona mini rai, kowa ya san akwai matsala amma kowa mutuncin kansa yake karewa, ni aka bari da kaya. Shi kansa Baba, darakta guda, ka ɗauki takarda daga bakin inji ba ka tambayi wanda ya yi ta ba? Da na ce wa matata zan shiga ofishinsa in faɗa masa baki da baki, sai ta fashe da kuka, ta ce mahaifinta ya kusa ritaya, wata da watanni ba ta ga yana fara'a irin ta yanzu ba, kuma in na tsinka shi a gaban ma'aikata ba ta san da wane ido za ta sake kallona ba. Na ce to a Legas ɗin fa, a gaban mutanen da suka tsufa suna auna wannan ruwa, wa zai hana su tsinka shi? Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Ina girmama mutumin nan, ya riƙe ni kamar ɗansa, shi ya sa ma abin yake ci na. In shiga in zauna a gabansa in buɗe masa sikirif ɗin, in karya abin da ban taɓa karyawa ba, matata ta ɗauke ni marar kunya? Ko in yi shiru a yi masa dariya a bainar jama'a? Mako mai zuwa ne taron. Jiya Hajiya ta aiko wai in shirya kayana, Baba ya ce tare za mu tafi, yana so ya nuna ni ga manya, kuma ni zan tsaya a gefen majigi in ɗora taswirar da hannuna yana bayani. Don Allah ku gaya mini, wace taswira zan ɗora?