Rubutunki Yana Nan Kan Allon Ummi

Daura,
Ranar Alhamis, da hantsi.

Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahama. Na san wannan takarda ba ta da mai kai ta, ba kuma za ki karanta ba. Ko da kina raye ma ba ki taɓa yarda kin koyi bokona ba, sai dai ki ce in karanto miki. To, yau ma ki ɗauka karanto miki nake yi.

Watan Rajab ya raba tsakiya. Na tashi da sauƙi-sauƙi. Tarin yana nan, ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, asuba a zaune na sallace ta. Idon hagu ya gama tafiya, da na dama nake lallaɓa wannan rubutu, shi ya sa layin yake karkacewa. Da malaminmu na elementare zai ga wannan hannu, da na sha rula.

Wata mai kamawa za ki cika shekara. Gidan nan ba kamar yadda kika bar shi ba ne. Ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki faɗin sunansa har kika koma ga Allah, wato Lawal, ya kwashe iyalinsa bayan babbar salla zuwa Mai'adua, inda cinikin hatsinsa ya fi tafiya. Ya yi ta fama da ni in bi su, na ƙi. Na ce masa tsohuwar bishiya ba a dasa ta. Matar maƙwabcinmu ce ke aiko mini da tuwo da kunu, Allah Ya saka mata. Tabarmar da yara ke zama a kai gindin lemo ta yi watanni naɗe a zaure. Da sassafe nakan kasa kunne in ji ko muryarsu za ta tashi, sai in ji tattabaru kawai.

Kin tuna bayan da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da Islamiyya ta cika unguwa, yara suna wucewa ta ƙofarmu cikin riguna iri ɗaya? Lawal ya so ya kai nasa. Kika ce muddin kina numfashi jikokinki a tsakar gidan nan za su yi karatu, ke allo da safe, ni boko da lissafi da hantsi. Mutane suka yi ta magana, wai gidan Malam Isa sun mai da kansu saniyar ware. Ba ki ko ɗaga kai ba. Sharaɗinki ɗaya ne, ba a dukan yaro kan karatu. Kina cewa karatun da ya shiga da kuka, da kuka yake fita.

Bari in ba ki labarin yaran, yadda nake samunsa ta wayar maƙwabci. Halidu ya gama babbaƙu ya shiga farfaru. Ya yi famfara, haƙori biyu na gaba, ya yini da hannu a baki don kada ƙadangare ya gani haƙorin ya ƙi fitowa, kamar yadda kika tsorata 'yar'uwarsa. Jaririyar da kika bari tana rarrafe ta fara tafiya, an ce idan ta ga allo a jingine sai ta je ta lashe shi. Uwarsu Zulai ce ta ɗauki karatun bayanki, kuma tana iya ƙoƙarinta. Ban da abin da zan ce da ita sai godiya.

Saura Ummi, takwararki. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Ta yi azuminta na farko bara, kwana ashirin da rasuwarki. Ranar farko ta kai har azahar, rana ta uku kuma ta kai shi magariba, leɓenta ya bushe amma ta ƙi shan ruwa. Ta iya jimla da ɗebewa, tana rubuta sunanta da boko ba kuskure. Amma a allo, Malama, tana nan inda kika bar ta. Wata goma sha ɗaya ba ta ƙara ko aya ɗaya ba.

Kin san inda kuka tsaya. Safiyar da ciwon ya kama ki, kin rubuta mata surar da za ta cika mata izu na farko. Ina zaune ina kallonki, kin tanƙwashe ƙafa, kurtun tawada a gefenki, kina fiƙe alƙalamin da haƙori don wuƙar ta ɓata. Kika biya mata sau uku. Kika nuna mata jan zakaran nan kika ce nasa ya ƙare ranar da ta wanke wannan allo, za a yanka shi a yi waina a raba wa maƙwabta, yadda aka yi wa ubanta. Da la'asar kika kwanta. Kwana uku aka ɗauke ki.

Bayan an share makoki, wata safiya ina zaure na ji Zulai tana cewa Ummi ta ɗauko allonta ta biya, idan ta iya a wanke a yi mata ƙari. Maganar daidai ce, haka ake yi tun kaka da kakanni. Yaro ba ya samun sabon karatu sai an wanke tsohon. Amma ni abin da na ji shi ne za a sa ruwa a kan rubutunki na ƙarshe. Ba ki bar wasiƙa ba, ba ki bar hoto ba, don kin ƙi yarda a ɗauke ki. Duk abin da hannunki ya rubuta shekara arba'in yara sun wanke sun shanye, saura an zuba gindin lemo. Wannan kaɗai ya rage. Kafin yarinyar ta fito daga ɗaki na lallaɓa na ɗauke allon daga jikin rumbu, na naɗe shi cikin tsohuwar babbar rigata, na sa a ƙasan akwati.

Aka yi ta nema. Aka duba bayan randa, aka duba akurki, aka leƙa rijiya. Ummi tana rantsuwa a nan ta jingine shi. Lawal ya dawo daga kasuwa da ransa a ɓace, ya ce sakaci ne da wasa, ya karyo tsumagiya a jikin darbejiya. Ya yi mata bulala biyar, a gidan da ba a taɓa dukan yaro kan karatu ba. Ina zaure, rediyo a cinyata. Na ji kowace ɗaya. Na ƙara muryar rediyon.

Me ya hana ni tashi? Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda zan iya faɗa. Kunya ce, ina tsammani. Yaya dattijo mai furfura, wanda ya koya wa rabin unguwa karatun boko, zai fito gaban ɗansa da surukarsa ya ce shi ya sace allon yarinya 'yar shekara bakwai? Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta zama jibi. Aka sayo mata sabon allo, na ce shi ke nan, magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Zulai ta rubuta mata surar a sabon allon, da irin rubutunsu na Islamiyya, siriri, ba irin naki mai kauri ba. Yarinyar ta kalla ta kasa. Abin da ta riga ta kusa haddacewa a bakinki ya tsaya mata a wuya. Idan ta kai tsakiya sai ta maƙale, hawaye ya zubo. An lallashe ta, an yi mata faɗa, an kai ta gun wani malami ya yi mata tofi. Kwanan baya Zulai ta gaya mini abin da ta ji Ummi tana faɗa wa Halidu a bayan ɗaki. Wai Inna, wato ke, ta yi fushi da ita don ta yar da allonta, shi ya sa ta tafi da karatun.

Kin ji abin da na yi, Malama. Na sa yarinyar da ta fi kowa sonki tana tsammanin kin mutu kina fushi da ita.

Yanzu Lawal ya ce haƙurinsa ya kai. Idan azumi ya kama Ummi ba ta cika izun nan ba, zai naɗe karatun gida gaba ɗaya ya kai su makaranta, ita kuwa ya ce watakila kanta ne ba ya ɗauka. Ban ƙi makaranta ba, ni ma ɗanta ne. Amma ba na so a kai ta da sunan daƙiƙiya. Yarinyar da ta gane harafi kafin ta iya ɗaura zane? Ke kin san kanta. Ni ma na sani.

Shekaranjiya na buɗe akwatin. Rabona da shi tun ranar da na rufe, don ko kallonsa ban iya yi ba. Ashe abin da na ɓoye don kada ya lalace, ɓoyon ne yake cinsa. Damina ta shiga akwatin, layi biyu na ƙasa sun jiƙe sun dushe, gara kuma ta fara taɓa gefen mariƙin. Saura yana nan sarai. Har inda tawada ta ɗiga miki kika goge da babban yatsa, shatin yatsan yana nan. Na daɗe ina kallo. Sai na tuna yadda kike dariyar masu adana allo da rubutu a kai, kina cewa rubutun da ba a wanke ba bai shiga kowa ba, katako kawai ya amfana.

Na aika wa Lawal saƙo ta bakin wani mai babur da ke zuwa Mai'adua, na ce ya kawo mini Ummi yau Alhamis, tunda ba a karatu. Ban faɗi dalili ba. Ya aiko cewa in Allah Ya so za su iso kafin azahar. Na shimfiɗa tabarmar gindin lemo da kaina, sai da na huta sau biyu. Na ɗebo ruwa a ƙwaryarki na rufe da faifai. Zan faɗa a gaban ubanta, ba a ɓoye ba, don a gabansa aka dake ta. Zan roƙe ta gafara. Sa'an nan in miƙa mata allon ta biya daga rubutun da ta sani, layin da suka dushe in cika mata da baki, ta wanke da hannunta ta sha. Jan zakaran yana nan, ya tsufa, namansa sai an daɗe ana dafawa. Na hana kowa taɓa shi.

Akwai wani abu kuma. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma taɓa gaya miki cewa ranar da kika fara koyar da yara a gidan nan na tsaya bayan zana ina saurare har na makara aiki ba. Ina ganin faɗin irin wannan ba na manya ba ne. Ga shi yanzu ina faɗa wa takarda.

Ki yafe mini, Malama. Abin da kika hana a gidanki, a kan idona aka yi shi, kuma ni ne sanadi. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Mijinki,
Isa.

An yi la'asar tun ɗazu, rana ta sauka bayan katanga. Duk babur ɗin da ya shigo lungun nan sai na ɗaga kai, ya wuce. Maƙwabci ya gwada wayar Lawal, ba ta shiga. Ba su zo ba. Zakaran ya shige akurki da kansa. Alhamis mai zuwa tana da nisa ga mai irin ƙirjina, saboda haka na yagi gefen wannan takarda na rubuta da manyan baƙaƙe yadda Ummi za ta iya karantawa da kanta: Allonki ne. Ba ki yar ba, Kaka ne ya ɓoye. Inna ba ta yi fushi ba. Na ɗaure a mariƙin da zare, na jingine allon a jikin rumbu, daidai inda ta ce ta ajiye shi.