Iyakar da Na Sa wa Injin Malam Salmanu

New Bell, Douala

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fauziya da yara, Ya kuma ƙara maka jin daɗin zaman Kano. Mu nan lafiya lau. Ruwan sama ne dai ya hana mu sakat, sati biyu ke nan yana shigo mana tsakar gida, har Baba ya sa an ɗaga bakin ƙofa da bulo. 'Yar'uwarmu Raliya ta sauka lafiya, an samu namiji, sunansa Muhammad Auwal.

Yaya, tunda kai ka fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, kai ya kamata ka fara jin abin da ya same ni a ƙaramin asibitin da suka ɗauke ni gwajin wata uku. Babbar kwamfuta ɗaya gare su, wadda muke kira serveur. An raba ta gida uku, kowane kaso yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta: ɗaya na rajistar marasa lafiya, ɗaya na kantin magani, ɗaya na hoton ciki. Amma faifan ajiyarsu ɗaya ne, layin sadarwarsu ma ɗaya. Kullum da misalin ƙarfe tara na safe sai rajista ta tsaya cak, mata masu goyo su cika baranda. Ranar wata Litinin wata tsohuwa mai ciwon suga, da ta taho da azumi don gwajin jini, ta yanke jiki ta faɗi a layi. Allah Ya taimaka ta farfaɗo, amma Dokta, shugabar asibitin, ta kira ni ofis ta ce in har Juma'a abin bai gyaru ba za su koma littafi da biro, ni kuma in nemi wani wurin. Wallahi a kan bensikin ɗin, wato babur ɗin haya, da ya mayar da ni gida hawaye nake yi.

Kwana biyu ina sa ido kafin na gano. Da zarar Malam Salmanu, mai ɗaukar hoton ciki, ya fara tura hotunansa, sai kasonsa ya cinye ƙarfin faifan da layin gaba ɗaya, sauran biyun su yi ta jira. Maganin shi ne a sa wa kowane kaso iyakar abin da zai rubuta a faifai da abin da zai tura ta layi a cikin daƙiƙa. A nan na yi wauta. Don sauri, na sa masa iyakar ban gaya masa ba, kuma na matse ta da yawa. Rajista ta tashi da gudu, amma hoton da yake tura wa Dokta cikin minti ɗaya ya koma minti ashirin, ga mai ciki kwance tana jira. Ya same ni ransa a ɓace, ya ce shekararsa goma sha takwas a aikin nan ba a taɓa ɗaure masa hannu ba sai yau. Rabin faɗan ma da Faransanci ya yi shi.

Da na ba Baba labari, bai goyi bayana ba. Cewa ya yi mutumin sa'ansa ne, in je in ba shi haƙuri tun kafin in yi maganar inji. Washegari na je da sassafe na gaishe shi, na amsa laifina, sannan na roƙe shi ya zauna kusa da ni mu gwada tare. Ina ɗaga iyakar kaɗan-kaɗan, yana tura hoto yana duba agogonsa, mai rajista kuma tana ɗaga mana hannu daga tagarta in ta ga nauyi. A gwaji na biyar muka dace: hotonsa minti biyu, rajista ba ta ko girgiza ba. Shi da kansa ya kawo shawarar a bar kwafe tsofaffin hotuna zuwa ma'ajiya, wanda shi ma yake cin layin, sai bayan la'asar, lokacin da mutane suka ragu. Ni ban ma yi tunanin haka ba.

Yau sati uku babu tsayawa ko sau ɗaya. Dokta ta ce in kawo takarduna ƙarshen wata a yi maganar ɗauka ta dindindin. Ba a sa hannu ba tukuna, don haka ka taya ni da addu'a. Shekaranjiya Inna ta je awon hawan jini ba ta gaya mini ba. Da ta dawo take ce mini ko zama ba ta yi ba aka kira sunanta, asibitin namu komai nasa tafiya yake da kansa, to ni wane aiki nake yi musu da har nake dawowa a gajiye? Na yi dariya har na riƙe ciki. Ban yi mata bayani ba, Yaya, don ban taɓa samun yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Ka gaida Anti Fauziya, da Abdurrazak da Latifa, ka ce su dage da karatu. In ka leƙa Fagge ka miƙa gaisuwata ga Gwaggo Iyatu. Baba da Inna suna sa maka albarka, Raliya kuma ta ce tana jiran rigar jariri. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Bilki