Asirin da Ban Tona Ba

Daren Talata, unguwar Umbadda, Umdurman.

Na ba 'yata Zainabu labarin kakanninmu, yadda suka taso hajji a ƙafa suka tsaya tsintar auduga a Jazira, nan Sudan. Sai ta ɗora shi a intanet, ta sa na'urar nan mai hira a waya ta yi masa kanu: "Tsoho ya tona asiri, Hausawa baƙi ne a Sudan!"

Yau a Kasuwar Umdurman aminina Isa tela ko hannu bai ba ni ba. "Alhaji, so kake a hana jikokinmu takardar jinsiyya, shaidar zama 'yan ƙasa?"

Na ce wa Zainabu ta goge. Wai, "Baba, in ba haka ba wa zai karanta?"

Gobe za ta zo ɗaukar sauran labarin. Ni kaɗai na rage da sunayen mutanen nan, amma wallahi tsoron buɗe baki nake.