Komawata Shagon Katako

Litinin, 2 ga Yuni
Likita ta ce in riƙa rubutu, wai zai taimaka wa ƙwaƙwalwar. To, ga shi. Wata tara ke nan da na faɗo daga kan rufin da muke bugawa. Faɗuwar ban tuna ta ba, labari ake ba ni. Na dai farka a asibiti, kai a ɗinke, ina kiran matata da sunan yayata. Har yau tana tsokanata.

Laraba, 4 ga Yuni
Na koma shago. Ƙanena ke riƙe da shi yanzu. Yana kunna injin yanka na ji kamar cikin kaina ake tsagawa. Na fice ko sallama babu. Kafin in dawo ya ja teburina bayan shago, gindin bishiya. "Yaya, nan ne ofishin manya." Ja'iri.

Asabar, 7 ga Yuni
Hancina ya daina aiki. Warin fenti Allah raka taki gona. Ƙamshin sabon katako ne dai...

Talata, 17 ga Yuni
Wata malamar makaranta ta zo a yi mata kantar littattafai. Ta faɗi awo, na ce na gane. Kafin ta kai bakin titi ya bi iska. Kunya ta hana ni kiranta. Na yanka katako huɗu, duk gajeru. Na jefar da zarto, na rufe ƙanena da faɗa kamar shi ya yi ɓarnar. Da la'asar na ba shi haƙuri. Ya ce, "Da ma can mafaɗaci ne kai, Yaya, kar ka ɗora wa rufi." Muka yi ta dariya har kaina ya sara.

Alhamis, 26 ga Yuni
Kai lafiya lau yau. Na goge kujeru shida da hannu, santsi kamar gilashi. Matata ta ce na fi zama a ci abinci da ni yanzu, ba na sauri.

Litinin, 7 ga Yuli
Malamar ta dawo, tebur take so. Ta fara jero awo, sai na ji bakina ya ce, "Malama, na taɓa buguwa a kai, lamba ba ta zama mini. Rubuta a nan." A gaban mutane uku. Ta ɗauki fensiri ta rubuta, ta ce Allah ƙara lafiya, ta tambayi launin fenti. Shi ke nan. Ƙanena ya kalle ni, ya ci gaba da buga ƙusarsa.

Ba wani abu ba ne. Fensirin ne ya fi kusa da ita.